Ɗaurin Baba Yohanna

Ku da kuke zuwa bakin kogi da yamma kuna ɗaukar hoton faɗuwar rana a waya, na sha jin abin da kuke faɗa idan kun ga muna sauke kaya. Wai ai yashi ne kawai, Allah ya zuba shi kyauta, mutum ya sunkuya ya ɗiba. Kwanan baya wasu samari daga Badarawa suka zo suka ce in koya musu aikin kafin sakamakon jarrabawarsu ya fito. Na ce su sami wuri su zauna. Abin da na faɗa musu shi zan rubuta a nan, don ban san ko nan gaba za a sake samun mai tambaya ba.

Sunana Habu. A Unguwar Kanawa aka haife ni, kuma tun gemu bai fito mini ba nake haƙo yashi a kogin Kaduna, a gaɓar da ke ƙasan Malali. Yanzu gemun duk furfura ne.

Aikin farko da aka ba ni shi ne kwashe ruwa daga cikin jirgi da gwangwanin fenti. Damina guda na yi ina wannan, ban taɓa bokiti ba. Maigidana Baba Yohanna mutumin kudancin Kaduna ne, daga wani ƙauye da ke gindin duwatsu, amma a Kurmin Mashi yake zaune da iyalinsa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, idanunsa jajur saboda nutso. Duk ranar da na yi ƙorafi sai ya ce, "Habu, kai da ba ka iya fitar da ruwa daga jirgi ba, ina za ka iya fitar da kanka daga ruwa? Ci gaba da kwasa."

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai doguwar gora da ake tura jirgi da ita, akwai filafili na wurin da gora ba ta taɓa ƙasa, sai bokitin ƙarfe da aka huda gindinsa don ruwa ya tsiyaye, sai shebur, sai igiya. Idan aka isa tsakiyar kogi, mutum ɗaya zai kafa gora ya riƙe, mai nutso ya cika ƙirjinsa da iska ya bi gorar zuwa ƙasa. Can ƙasa ba a gani. Da tafin ƙafa ake gane yashi, ko mai laushi ne na filasta, ko mai kaushi ne na bulo, ko laka ce da za ta sa direban tifa ya zage ka har kakanninka. Ka cika bokiti, ka taso da shi a ka, na sama ya karɓa ya juye, ka sake komawa. Haka za a yi ta yi har jirgi ya nutse saura ɗan yatsa ruwa ya shiga. Kunne yana ciwo, fata tana tsagewa, da sanyin safiya haƙoranka suna kaɗawa kamar za su zube. Bayan haka kuma sai ka tuƙo gaɓa, ka sauke da shebur, ka loda wa tifa da shebur. Birkila ya zo ya murza yashin da yatsu biyu ya ce, "Wannan ai ƙasa ce kuka cakuɗa."

Jirgin Baba ya fita daban da na kowa a gaɓar. Na sauran katako ne aka jera aka buga ƙusa aka liƙe da kwalta, damina kaɗan sun ruɓe. Nasa kuwa daga gungumen maɗaci guda aka sassaƙe shi, a kurmin garinsu, tun kurmin yana kurmi. A motar katako aka kawo shi Kaduna kafin a haife ni. Baƙi ne sumul kamar an shafa masa mai, cikinsa ya yi santsi saboda gogar yashi, idan ya ɗauki kaya yana tafiya a kan ruwa a hankali kamar amaryar da ake rakawa. Baba yana kiransa Tsohuwa. Ni kuwa a lokacin littattafan soyayya sun cika mini kai, kullum da guda a aljihuna cikin leda, ina karantawa idan muna jiran tifa. Wata rana na samo ragowar farin fenti na rubuta masa suna a goshi: Sanyin Idaniya.

Baba ya zo ya tsaya ya karanta, ya dube ni. "Wa ke nan?"

Na ce, "Baba, jirgin ne."

"Jirgin? Ka bar 'yan matan Unguwar Kanawa duka ka zo kana zance da itace? To Allah ya sa ta amsa maka." Duk gaɓar aka yi ta dariya, aka daɗe ana kirana angon Tsohuwa. Amma bai goge sunan ba. Da shekaru suka ja, gwiwarsa ta fara damunsa, nutso ya dawo kaina, sai ya ce mini a gaban kowa, "Ranar da ƙafar nan ta ƙi gaba ɗaya, budurwarka taka ce. 'Ya'yana duk ofis suke so." Ban mallaki fili ba, ban mallaki shago ba. Jirgin nan shi ne abin da nake jira, shi ne abin da na gaya wa iyayen matata da suka tambayi da me zan riƙe ta.

Ɗaurin jirgi shi ne abu na ƙarshe da ake koya wa mutum, kuma a nan ne labarin yake. Ɗauri biyu muke da shi. Da damina ana ɗaure jirgi da doguwar igiya a jikin wata kanya da ke can saman gaɓa, don idan kogi ya cika jirgi ya taso tare da ruwa. Da kaka kuwa, idan ruwa ya fara ja baya, doguwar igiya takan zama matsala. Jirgi ya yi ta yawo, ya bugi dutse, ko ka wayi gari ka same shi zaune a kan tudun yashi, a tara mutane a yi ta turawa. Shi ya sa ake komawa gajeriyar igiya, a ɗaure hancin jirgi gam a jikin turke. Turakunmu tsofaffin ƙarafan mota ne da aka kafa da guduma can ƙasa, a bakin ruwa.

Ba kowa ke cewa a canja igiya ba. Baba ne. Kuma ba kalanda yake dubawa ba, shamuwa yake dubawa. Tana zuwa da farkon damina ta yi sheƙa a manyan itatuwan bakin kogi, idan ruwan sama ya kusa ɗaukewa ta tattara ta tafi. Ranar da Baba ya ɗaga kai ya ga sheƙunan sun zama kango, sai ya ce, "Baƙuwa ta tafi. Gobe a sauke igiya." Washegari a dafa shinkafa da wake a babbar tukunya a nan gaɓar, mu mu yi fatiha, shi da 'yan cocinsu su yi tasu addu'ar, kowa ya kai jirginsa turke. Haka ya tarar, haka muka tarar. Tun da nake ban taɓa ganin kogi ya taso bayan tafiyar shamuwa ba, shi ma bai taɓa gani ba, wanda ya koya masa ma haka.

Ɗaurin nasa kuma abin kallo ne. Yakan zagaya igiyar a jikin ƙarfe, ya cusa bakinta ta ƙasa, ya murɗa ta wata hanya da ido ba ya iya bi. Duk yadda aka ja sai ta ƙara ƙullewa. Yakan tsaya ya dubi na sauran ya girgiza kai. "Wannan ɗauri ne ko ɗan kwalin mata? Iska ma za ta kwance shi." Nasa kuwa yakan ce, "Ɗaurina ba ya kwancewa sai na zo."

Ba zan ce kogi bai nuna mana alama ba. Shekaru kafin abin ya faru damina ta fara rikicewa. Sai a yi ta jiran ruwa, zafi kamar a cire fata, manoma su shuka iri ya ƙone. Sai kuma rana ɗaya hadari ya haɗo, a zubo ruwan da a da ake yi a sati, kwatoci su cika, katangu su faɗi a Badarawa. Launin kogin ma ya canja. A da Baba yakan ɗebi ruwa a tafin hannu ya ce wannan na kan dutse ne, ko wannan na kurmi ne, don na kurmi yakan zo da ɗan duhu da ƙamshin ganye, a hankali yake zuwa, a hankali yake tafiya. Daga baya kullum ja yake zuwa, da laka, da gaggawa. Wata rana Baba ya je garinsu biki ya dawo ransa a ɓace. Da na matsa masa ya ce, "Habu, wurin da aka sare itacen jirgin nan, yanzu daga can kana hango titi. Duk an yi gawayi."

A shekarar da nake faɗa muku, shamuwa ta tafi a kan lokacinta. Aka ci shinkafa da wake, aka sauke igiya. Sama ta washe, rana tana faɗuwa ja kamar garwashi, ruwa ya kwanta luf, ka ga taurari ma sun fara yawa. Tifofi suka dawo, don da kaka ake fara gini.

Ranar wata Asabar bayan la'asar muna wanke shebur wayar Baba ta yi ƙara. Ƙanensa Bitrus ne daga ƙauye. Baba ba ya ji sosai, don haka ya buɗe muryar wayar kowa yana ji.

"Yaya, ruwa ake yi a nan kwana da kwanaki, bai tsaya ba. Gadar makaranta ta tafi. Rafin bayan gida ya shiga gona. Ku kula da kanku."

Baba ya ɗaga kai ya dubi sama, ko ɗigon girgije babu. Ya yi dariya. "Bitrus, kai tun kana yaro idan akuya ta yi fitsari sai ka ce ambaliya. Nan shamuwa ta tafi tun tuni. Ka gaida su Mama."

Wani cikin masu jiragen katako ya ce, "Baba, ko dai mu mayar kan kanya, na kwana biyu?"

"Mayar da igiya bayan an sauke? A ina ka taɓa ji? Ruwan bankwana ne, ƙasa za ta shanye shi kafin ya zo nan." Ni ma ban ga dalilin yin gardama ba, don abin da ya faɗa shi ne abin da muka sani. Ya sunkuya da gwiwarsa mai ciwo ya ɗaure Tsohuwa da hannunsa, ya daki ƙarfen da tafi, muka watse.

Lahadi ba ma aiki. Da hantsi ina gida wani maƙwabci ya shigo ya ce mutanen bakin kogi suna kwashe kaya. Na hau acaɓa. Tun daga nesa na ji ƙarar, wani irin gurnani ƙasa-ƙasa da ban taɓa jin kogin nan ya yi ba. Rana tana haskawa tar, sama shuɗiya kamar an wanke ta, amma kogi ya zama wani abu dabam. Ja ne wur, yana gudu, yana ɗauke da gungume da karan masara da buhunan gawayi da wata saniya ƙafafu a sama. Tudun da muke tara yashi babu shi. Turaku duk sun nutse. Jiragen katako kuwa babu ko ɗaya, ruwa ya fizge su.

Tsohuwa kaɗai ta rage. Hancinta yana ƙasa, igiya ta riƙe shi a turke, ruwa kuma yana ɗaga bayanta. Ta miƙe a karkace kamar mai ruku'u, tana rawa, ruwa yana zuba a cikinta. Sunan da na rubuta ya riga ya shige.

Na karɓi wuƙa a hannun wani mai rake, na tuɓe riga. Lissafina shi ne in bi jikin jirgin in sauka in yanke igiyar, ta taso, ko ina ta tafi ma nemo ta. Na sa ƙafa a ruwa ke nan aka riƙo ni ta baya. Baba ne, da kayan cocinsa, farar riga da takalmi sau-ciki, daga cocinsu na Kurmin Mashi ya taho ko gida bai biya ba.

"Ina za ka?"

"Baba, igiyar kawai zan yanke."

"Ka ga gungumen can? Kafin ka kai turke ya raba ka da kanka. Zauna."

"Baba, za ta tafi!"

"Na ce ka zauna! Me zan gaya wa matarka? In ce na ba da kai na karɓi itace?"

Ƙarfin da ya riƙe ni da shi ban san yana da sauransa ba. Muka tsaya a gindin kanyar da ya kamata a ce a nan take ɗaure, muna kallo. Ba ta daɗe ba. Wani itace da rassansa ya taho ya haye ta, bayanta ya yi sama sau ɗaya, baƙi yana sheƙi a rana, sai ruwa ya rufe. Baba ya cire takalmansa da suka cika da laka ya riƙe a hannu, ya juya ya hau gaɓa.

Da ruwa ya janye muka bi kogi muna nema. Jiragen katako aka yi ta samunsu, wani a saƙale a reshe, wani a kife a gonar rake can ƙasa da gada. Ɗaurinsu ya kwance tun ruwa bai yi nisa ba, suka taso suka bi igiyar ruwa. Aka buga musu ƙusa aka shafa kwalta, suka koma aiki. Tamu ba a ga ko ɓurɓushinta ba. Muka ce igiya ta tsinke, Tsohuwa ta wuce Neja. Gaɓar ma ta canja kama, yashi da laka sun binne turakun, ba ka ma gane inda suke. Baba bai sake saukowa kogi ba. Aka ce gwiwa ce.

Lebura na koma a lokacin, a ginin wata Hajiya Binta a Badarawa, tsohuwar malamar makaranta da ta daɗe tana sayen yashi a wurinmu. Wata rana ta kawo mana kunu ta same ni zaune a kan bulo, ta ce, "Malam Habu, har yanzu tunanin jirgin ne?"

Na ce, "Hajiya, abin da ya tsaya mini shi ne, ko ɗigo ba a yi a garin nan ba. Ta ina ruwan ya fito?"

Ta ce, "Ai kogi ba ruwan garinku yake kawo muku ba. Na kan duwatsun Jos ne da na kudu. Duniya ta ƙara zafi, teku ma ya ɗumama, tururin da ke tashi daga cikinsa ya ƙaru. Iska mai zafi kuma ta fi ɗaukar ruwa. Sai ta kwaso shi ta taho, ta tarar da duwatsu ta juye gaba ɗaya, wani lokaci ma bayan an ɗauka damina ta wuce. A ƙarshen damina ƙasa ta riga ta ƙoshi, ba ta da wurin zuba ƙari. Itatuwan da ke tare shi kuma an sare. Ina zai je in ba wurinku ba?"

Na ce, "To shamuwa fa? Ita ba ta sani ba?"

Ta ɗan yi murmushi. "Ita lokacin da ta saba take bi, kamar ku. Ba ku kaɗai ba ne, Malam Habu. Manyan kogunan da ke ratsa kurmi a Kwango da can Amazon ma haka masu jiragensu ke kuka. Shekara guda kogi ya ƙafe, wata shekarar ya ci gari."

"Zai gyaru, Hajiya?"

Ta tattara kofuna. "Ban ga alama ba. Ku dai riƙa jin rediyo." Na so a ce ta yi mini ƙarya.

Da rani ya yi tsakiya na koma nutso a jirgin wani, ana raba abin da aka samu. Wata safiya muna haƙa kusa da tsohuwar gaɓarmu, ruwa iya wuya, sai ƙafata ta taka wani abu mai santsi. Na san santsin nan ko a mafarki. Na nutsa na tona da hannu, na bi gefen katakon har na kai hanci. Tana nan inda aka bar ta. Ba ta je Neja ba, ba ta je ko'ina ba. Yashi ya cika ta ya binne ta, itacen da ya haye ta ya tsaga ta tun daga tsakiya har baya. Na shafa gaba na ji igiya, na bi ta na ji ƙarfe. Ɗaurin yana nan, ya ƙulle kamar dutse.

Muka yi kwanaki muna tonewa har hancin ya fito fili. Masassaƙi ya zo ya duba ya ce ko turmi ba za a fitar ba. Na je Kurmin Mashi na ɗauko Baba a Keke, muka riƙo shi ya sauko gaɓa da sanda. Ya rame, farar rigar nan ta yi masa yawa. Masu jiragen katako suka daina aiki suka taru. Ya durƙusa da ƙyar a cikin ruwa, ya share lakar goshin da hannu, farin fentin ya ɗan fito, rabin sunan ya goge. Ya kai hannu kan ɗaurin ya daɗe yana shafawa.

Wanda ya ce a mayar kan kanya ranar Asabar ɗin yana tsaye a wurin, ya sunkuyar da kai. Baba ya dube shi, ya dubi jirginsa mai faci da kwalta yana lilo a kan ruwa, ya ce, "Naka ɗan kwalin matan ne ya cece ka."

Ba wanda ya yi dariya. Na miƙa masa wuƙa. Ya ture hannuna. Ya cusa yatsunsa a cikin igiyar da ta sha ruwa wata da watanni, ya murɗa ta hanyar nan da ido ba ya iya bi, sai ga ta ta saki. Ya miƙo mini ita.

"Ga gadonka, Habu. Ka yi haƙuri. Abin da na sani ke nan, na kuma koya maka shi duka."

Bai ga wata damina ba. Mu muka ɗauki akwatinsa tare da 'yan cocinsu.

Yanzu ba a sauke igiya a gaɓarmu, ba a dafa shinkafa da wake. Rani da damina jirage suna kan kanya da doguwar igiya, suna bugun dutse, muna faci. Kanyar ma ruwa ya cinye ƙasar gindinta, saiwoyinta suna waje, ta fara karkata. Idan ta faɗi ban san inda za mu ɗaura ba. Ni har yau a jirgin wani nake nutso, kuma ƙirjina ya fara gajiya.

Samarin nan na Badarawa sun saurare ni har ƙarshe. Ɗayansu ya ga tsohuwar igiya a rataye a rumfata ya ce, "Kawu, to ka koya mana ɗaurin mana." Na iya shi, har ido rufe. Na ce masa a'a. Ya ce to aƙalla in faɗa musu yadda ake gane kogi ya gama cika a shekara. Na ɗaga kai, sheƙunan shamuwa duk sun zama kango, sama shuɗiya tar kamar ta ranar Lahadin nan. Na ce masa, "Ɗana, wanda ya sani ya rasu, kuma shi ma kogin ya ƙaryata shi. Ku je ku jira sakamakonku."